Takarda Ta Talatin

A wata makaranta da ke unguwar Al Qusais, a birnin Dubai, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu. Tana da ƙoƙari, wannan kam ba mai musu. Sai dai akwai ta da son yabo. In ka ce aikinta ya yi kyau, bakinta har kunne. In kuwa ka ce akwai gyara, to ka ja wa kanka, don sai ta yi kwana uku ba ta kula ka ba.

Wata rana malamar kwamfuta ta ba 'yan ajinsu aiki. Sunanta Malama Khairunnisa, mutuniyar Zariya ce. Ta ce kowa ya haɗa ɗan gajeren fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, a kan wata matsala da ke damun yara. Wanda ya fi kyau, shi za a nuna ranar taron iyaye.

Yarinyar ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, ni a kan yaran da ke shan giya a ɓoye zan yi."

Malama ta ce, "Tabɗi! Kin ɗauko babba. Wa zai yarda ya yi miki magana?"

Ta ce, "Zan samu, in sha Allahu."

Ai kuwa ta san wanda za ta samu. Muhsin ne, ɗan maƙwabtansu. Bene ɗaya suke a unguwar Al Nahda. Su suna hawa na uku, su Muhsin suna hawa na huɗu, daidai saman kansu. Tare suka tashi, kuma bas ɗaya ke kai su makaranta. Ita kaɗai ta san sirrinsa.

A bara ne abin ya faru. Wani abokinsa ya gayyace shi bikin ranar haihuwa. Iyayen abokin sun yi tafiya. Aka miƙa wa Muhsin wani abu a kwalbar lemo, ana yi masa dariya, ana cewa shi matsoraci ne. Ya sha. Ya ƙara sha. Da ƙyar aka kawo shi gida, yana amai, yana surutai. Mahaifiyarsa, Mama Turai, ta ɗauka aljanu ne suka taɓa shi. Ta yi ta yi masa tofi tana kuka. Tun daga ranar bai sake kusantar giya ba, kuma bai taɓa faɗa mata gaskiya ba.

Da yarinyar ta roƙe shi, sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Ke, kin san mu Hausawa a garin nan. Mu nawa ne? In na yi atishawa a Al Nahda, kafin la'asar an ji a kasuwar Murshid. Kuma duk iyayenmu za su zo taron nan."

Ta ce, "Zan rufe fuskarka. Zan sauya muryarka. Wallahi ko ni ba zan gane ka ba."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi alkawari."

Can ya ce, "To. Wataƙila wani yaro ya ji, ya tsira."

Ranar Asabar da rana suka ɗauki fim ɗin a ɗakin Muhsin, lokacin da Mama Turai ke can kicin tana aikinta. Suka rufe ƙofa. Suka ja labule. Ya zauna ya ba taga baya, ya faɗi labarinsa da Turanci, don kowa a makarantar ya ji.

Ɗakin kwamfuta na makarantar yana can ƙarshen wani dogon lungu. Ba shi da taga ko ɗaya. Iyakwandishan ɗinsa kuwa ko yaushe yana hura sanyi har cikin ƙashi. A nan yarinyar ta zauna ita kaɗai bayan an tashi, tana gyaran fim ɗinta.

Ta duhunta hoton, har Muhsin ya koma baƙar inuwa, ba ido, ba baki. Ta ja muryarsa ƙasa, har ta koma ta wani ƙaton mutum da ke magana daga cikin rijiya. Da ta kunna, tsigar jikinta ta tashi.

Sai ta ji wani abu kuma. Can ƙarƙashin muryar, akwai wani sauti da ke bugawa a hankali.

Dum. Dum. Dum. Kas.

Ta cire abin sauraren da ke kunnenta, ta waiga. Ba kowa a ɗakin, sai kujeru. Ta mayar da shi.

Dum. Dum. Dum. Kas.

A cikin fim ɗin yake. Ba ta san daga inda ya fito ba. Ta ce a ranta, wataƙila kwamfutar ce ta haifar da shi wajen sauya murya. Amma ya yi kama da bugun zuciyar mai jin tsoro. Ta yi murmushi. Maimakon ta goge shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi.

Ranar Litinin aka yi gwaji. Malama ta tara ɗalibai talatin daga wani aji. Akwai 'yan Indiya, da 'yan Masar, da 'yan Sudan, da 'yan Filifin, da Hausawa uku. Ta raba wa kowa 'yar takarda mai tambayoyi uku. Me ka koya? Me ya fi taɓa zuciyarka? Me ya kamata a gyara?

Ta ce, "Kada kowa ya rubuta sunansa. Ku faɗi gaskiya kawai."

Sannan ta juya ga masu fina-finan. Ta ce, "Ku kuma ku saurara. Mai fim ido biyu gare shi, kunne biyu. Waɗannan kuwa ido sittin ne da kunne sittin. Ku karanta kowace takarda, ku kawo mini abin da suka ce."

Aka kashe fitila. Inuwar ta bayyana a jikin bango, ta fara magana. Ɗakin ya yi tsit. Wata yarinya ta riƙe hannun ƙawarta. Da fim ya ƙare, sai da aka ɗan jima kafin aka fara tafi.

Yarinyar ta kwashi takardunta ta koma gefe, tana karantawa tana jin daɗi. Wani ya ce bai san kwalbar lemo ma abin tsoro ba ce. Wata ta ce ta tausaya wa uwar yaron. Mutum tara suka ce bugun zuciyar nan ya fi komai ba su tsoro. Kanta ya yi girma, har ta fara tunanin rigar da za ta sa ranar taro.

Sai ta zo kan ta ƙarshe, takarda ta talatin.

Duk sauran da Turanci aka rubuta su. Wannan da Hausa ce. Ba a amsa tambaya ta ɗaya ba, ba a amsa ta biyu ba. A ƙarƙashin ta uku ne aka yi rubutu da ƙananan baƙaƙe, da jan biro.

"Na san wanda ke magana."

Ta sake karantawa. Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin. 'Yan kallo duk sun fita. Kujeru ne kawai a jere, da farin hasken majigi a jikin bango.

Malama ta ƙwala mata kira daga bakin ƙofa. "Yalla, maza kawo mu gani. Me suka ce?"

Nan fa yarinyar ta yi abin da bai kamata ba. Ta san in Malama ta ga takardar nan, za ta ce a dakata da fim ɗin. Sai ta ninke ta sau huɗu, ta sunkuya kamar za ta gyara takalmi, ta cusa ta cikin safa.

Malama ta ƙirga. Ta ce, "Ashirin da tara. Ina ɗaya?"

"Ina jin wani bai mayar da tasa ba, Malama."

"Ba wanda ya ce a gyara komai?"

"Babu, Malama."

Malama ta dube ta, ta ɗan jima tana dubanta. Sannan ta ce, "To, madalla. Naki za a nuna ranar Asabar."

Da wata rana ce, da ta yi tsalle. Amma a ranar ko murmushin kirki ta kasa. Takardar na can cikin safa tana sukar ƙafarta har gida.

Washegari ta sake komawa ɗakin kwamfuta. Ta kalli fim ɗin sau biyar. Ta duba hannun inuwar, ba zobe, ba agogo. Ta duba bayanta, labule ne kawai, shi ma baƙi ƙirin. Ta saurari muryar, ba ta kama da ta kowa.

Ta ce da ƙarfi, "Ƙarya ne! Hassada ce kawai."

Muryarta ta dawo mata daga bango. Inuwar kuwa tana nan tsaye a fuskar kwamfuta. Ba ta da ido, amma yarinyar ta ji kamar kallonta take yi. Ta kashe kwamfutar ta fita da sauri, har tana tuntuɓe.

Hausawa uku ne suka kalli fim ɗin: Ibrahim, da Mahfuza, da wata shiru-shiru mai suna Martina. Ta bi su da ido duk yinin. Ibrahim ya yi mata dariya a wajen cin abinci, ta ce shi ne. Mahfuza ta raɗa wa wata magana, ta ce ita ce. Martina ta wuce ta a lungu, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai kuma ta sunkuyar da kai ta tafi.

Ga kuma sautin nan, ya ƙi barin kunnenta. Tana jin sa a cikin bas. Tana jin sa in jirgin metro ya wuce ta sama. A cikin lif ma, ita kaɗai, sai ta ji kamar ana buga shi daga bayan madubi.

Dum. Dum. Dum. Kas.

A bas, Muhsin ya ce mata, "Lafiya? Kin yi wani zuru-zuru. Fim ɗin dai lafiya ko?"

Ta ce, "Lafiya lau. Kowa ya yaba." Ba ta iya kallon idonsa ba.

Ranar Laraba da la'asar tana zaune a falo. Ummanta na kicin tana yanka alayyafo. Yarinyar ta kunna fim ɗin a wayarta, a hankali, don ta sake dubawa. Ko minti ɗaya bai yi ba, Umma ta ɗaga murya.

"Auta! Me ya kai turmin Turai cikin wayarki?"

Wayar ta kusa suɓuce mata. Ta ce, "Na'am, Umma?"

Umma ta leƙo, wuƙa a hannu, tana dariya. "Ba daka nake ji ba? Sau uku a ciki, ɗaya a bakin turmi. Wa ke wannan in ba Turai ba? Ko a mafarki na ji shi, na san hannunta ne."

Kafin ta rufe baki, sai ga shi ta saman silin ɗinsu. Mama Turai ta fara dakan furarta ta yamma.

Dum, dum, dum, kas! Dum, dum, dum, kas!

Yarinyar ta daskare a zaune. Ashe ba zuciya ba ce, turmi ne! Tun tana 'yar ƙarama take jin sa kullum, har kunnenta ya daina lura da shi. Ranar da suka ɗauki fim ma ana dakan, ba ta ji ba.

Kuma a duk Al Nahda turmi ɗaya ne na gaske, na icce. Tun daga Kano aka sako shi a kwantena. Matan Hausawa duk can suke zuwa dakan gero da yaji da sakwara. Ba wadda ba ta san salon Mama Turai ba. Yara kuwa, Mama Turai ɗa namiji ɗaya gare ta.

Ranar Asabar matan nan duk za su zauna a gaban fim ɗin. Ta fita a guje, ko takalmi babu, ta hau matakala.

A tsakiyar matakalar ta ci karo da Muhsin yana saukowa. Idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Wajenki zan zo. Martina ta same ni yau. Ta ce ta gane ni. Ta ce ta rubuta miki tun ranar Litinin. Gaskiya ne?"

Da ƙyar ta ce, "Gaskiya ne."

"Ina takardar?"

"Na... na ɓoye ta."

"Kika ɓoye?" "Na tambaye ki a bas, kika ce lafiya lau. Da Martina ba ta yi magana ba fa? Mama tana zaune cikin ƙawayenta, duk su juyo suna kallonta? Don kawai a tafa miki?"

"Muhsin, ka yi haƙuri, wallahi ban san..."

"Khalas, ya isa! Kada ki sake yi mini magana."

Ya juya ya hau. Ta ji ƙarar ƙofarsu. Dakan bai tsaya ba. Ta zauna a kan matakala ta yi kuka sosai, don kunya ta ishe ta.

Da ta koma gida, Umma ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Zo nan. Me ya faru?"

"Umma, wani ne ya ba ni amana, ni kuma..."

Umma ta ɗaga hannu. "Dakata. Kada ki faɗa mini sunan kowa. Amanarsa ba tawa ba ce. Ko na yi zato, zaton zai tsaya a cikina. Ke me kika yi?"

Ta faɗa mata zancen takardar, da safa, da ƙaryar da ta yi wa Malama.

Umma ta ce, "Kai, Auta! Mutum ashirin da tara sun ba ki abin da kike so. Mutum ɗaya ya ba ki abin da kike bukata, shi kika cusa a safa? Gobe da sassafe ki kai wa malamarku."

"Za ta cire fim ɗina."

"Ta cire mana. Fim ɗin ya fi mutum ne?"

Ranar Alhamis kujerar Muhsin a bas ba kowa. Yarinyar ta tafi kai tsaye ɗakin kwamfuta. Ta ajiye takardar a gaban Malama, duk ta yamutse. Ta faɗi komai, ba ta rage ba.

Malama ta karanta, ta cire tabarau. Ta ce, "Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Kuskuren turmi, kowa zai iya yi. Ni ma na ji sautin, ban gane ba, don ban taɓa shiga gidan ba. Abin da ya sa muke raba takardu ke nan. Amma ɓoye takarda ba kuskure ba ne, zaɓi ne."

"Na tuba, Malama."

"Na cire fim ɗin daga taro. Ba zai koma ba sai mai labarin ya yarda da bakinsa. In ya ce a goge, za a goge. Kuma ko an nuna, ba ki cikin masu karɓar kyauta."

"Na yarda, Malama."

A lokacin hutun tara ta nemi Martina, ta same ta a ƙarƙashin inuwar rumfa.

Ta ce, "Martina, ke ce?"

Martina ta gyaɗa kai. "Duk Lahadi bayan coci mamata na zuwa can dakan sakwara. Ni ke riƙe mata kwano. Na rubuta da Hausa ne don kada sauran su karanta. Na ɗauka za ki neme mu ki tambaya."

"Me ya sa ba ki faɗa mini baki da baki ba?"

"Ke ɗin? Ranar da na ce akwai kuskure a zanenki, sati guda ba ki amsa gaisuwata ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Haka ne. Ki yafe mini. Kuma na gode."

Da yamma ta hau sama ta ƙwanƙwasa. Muhsin ya buɗe. Ta miƙa masa wayarta.

Ta ce, "Ga fim ɗin. Ga inda ake gogewa. Na kwafe shi daga kwamfutar makaranta, Malama ta goge na can. Wannan kaɗai ya rage. In ka danna, shi ke nan. Na ci amanarka, ka yafe mini."

Ya riƙe wayar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Yau duk yini nake tunani. Ko an cire turmin, Mama za ta gane. Yara nawa ne uwarsu ta yi musu tofi a kan giya? Ni wauta na yi da ban tuna da haka ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Shekara guda ina jin tsoron ranar da za ta sani. Na gaji. Gara ta ji daga bakina."

"Yanzu?"

"Yanzu. Ki jira ni a nan."

Ya shiga. Tana tsaye a bakin ƙofa, tana jin dakan daga kicin. Dum, dum, dum, kas. Dum, dum... Sai ya tsaya cak. Gidan ya yi shiru. Ta ƙirga numfashinta har ta gaji da ƙirgawa. Can ta ji sheshshekar kuka, ba ta san ko na waye ba.

Da ya fito, fuskarsa a jiƙe take. Ya mayar mata da wayar.

Ta ce, "Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba tukuna. Ta dai riƙe hannuna." Ya goge ido. "Ki gyara fim ɗin. Amma wannan karon ki gyara da gaske."

Ranar Juma'a da safe, bayan Muhsin ya faɗa wa Malama da bakinsa ya yarda, suka yi aikin, ita da Malama da Martina. Suka cire hoton ɗakin Muhsin da muryarsa gaba ɗaya. Wani yaro ɗan Indiya ya zauna a inuwa a cikin aji, ya karanta labarin. Suka cire zancen tofi. Suka rubuta a farkon fim cewa labarin gaskiya ne, amma mai karantawa ba shi ne mai labarin ba.

Yarinyar ta ce, "Malama, a sake gwaji. Kuma a ƙara tambaya ta huɗu: Akwai wanda ka gane?"

Aka kira ɗalibai goma sha biyu, har da duk Hausawan da aka samu. Ba wanda ya gane kowa. Wani ya rubuta cewa rubutun ƙarshe ya yi ƙanana. Wata ta ce kiɗan farko ya yi ƙara. Yarinyar ta ji zafi kaɗan, ba za a ce ba ta ji ba. Amma ta gyara duka biyun.

Ranar Asabar zauren taro ya cika. Matan Hausawa sun zauna wuri ɗaya, sai ƙamshin turare ke tashi. Mama Turai ta shigo a makare, daga wajen aikin furarta, ta zauna a tsakiyarsu. Muhsin yana can baya, ya haɗa hannuwa a cinya. Tun ranar Alhamis uwarsa ba ta tada maganar ba.

Aka kashe fitila. Inuwar ta yi magana. Ba turmi, ba bugun komai. Matan suka yi ta salati a hankali. Wata ta ce, "Allah ya shirya mana zuri'a." Ba wadda ta juya ta kalli Mama Turai.

Bayan an watse, Malama ta miƙa wa yarinyar kwalin takardun tambayoyin da iyaye suka cike. Ta zauna ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, masu daɗi da marasa daɗi. Can ƙasa ta ga wata da Hausa.

Baƙaƙen manya ne, a karkace, irin na wanda bai saba riƙe biro ba. A gefen takardar akwai shatin yatsa na farin garin gero. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Yaron nan ya yi kuskure, amma ya faɗi gaskiya. Uwarsa ta yafe masa duniya da lahira."

Ta miƙe da gudu ta kai wa Malama. Malama ta karanta, ta yi murmushi. Ta ce, "Wannan ba tawa ba ce, ba taki ba ce. Kai wa mai ita."

Ta sami Muhsin a bakin ƙofa. Ta ce, "Ga taka."

Ya karanta. Ya shafa garin da yatsa. Sai ya ruga wajen da motoci suke, inda Mama Turai ke tsaye tana jiransa. Ta buɗe mayafinta ta rungume shi a gaban kowa.

Yarinyar ba ta sami kyauta ba a ranar. Amma da suka isa gida, Muhsin ya sauko mata da kwanon fura mai sanyi, ya ce in ji Mama. Suna sha, aka fara daka a sama. Suka kalli silin, suka kalli juna, suka fashe da dariya.

Daga ranar ta koyi darasi. Giya ba abin wasan yara ba ce, kuma amanar mutum ta fi tafi da kyauta. Wanda ya nuna maka gyara ba maƙiyinka ba ne, taimakonka ya yi. Shi ya sa har yau, in aka ba ta takardun 'yan kallo, wadda ta ce a gyara take fara nema.